A-kori-kurar Amurka: arha ba ta ado

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da ta zama tamkar rawani ga mai ita, wato ƙatuwar a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram. Tun shekara ta 1977 babu wata a-kori-kura da ta fi ta kamfanin Ford kasuwa a can. Amma duk da wannan farin jini, darajarta tana rataye ne ga abu biyu waɗanda mai mota ba shi da iko a kansu: kuɗin mai da kuɗin ruwa na banki.

An ga haka ƙarara cikin shekara ta 2008, lokacin da gangar ɗanyen mai ta kai dalar Amurka 147, galan guda na esansi kuwa, wanda bai cika lita 4 ba, ya wuce dala 4. Cikin watan Mayu na wannan shekara ƙananan motoci iri huɗu na Honda da Toyota suka fi a-kori-kurar Ford samun masu saye. Wata guda bayan haka kamfanin General Motors ya bayyana zai rufe masana'antunsa huɗu masu ƙera manyan motoci. Waɗanda suka kai nasu kasuwa kuwa suka tarar dillalai suna taya su taye na wulaƙanci.

Labarin ya sake maimaituwa da wata kama. Cikin 2021, ƙarancin ƴan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa mota ya rage ƙirar sababbi, har ta hannu ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Mutane da yawa suka ci bashin shekara shida ko bakwai suka saya. Cikin watan Yuni na 2022 galan ya kai dala 5, babban bankin ƙasar kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa fiye da kashi 5 cikin 100 a 2023. Da masana'antu suka koma aiki sosai, farashin motar hannu ya sauko, aka bar wasu magidanta da bashin da ya fi kuɗin motar kanta.

Wannan magana ba ta yi nisa da ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Yamai ba, domin wani kaso na motocin hannu na Amurka jirgin ruwa ke kawo su Kwatano da Lome, daga nan su hauro arewa. Abin da kasuwar can ta tofar, shi dillali zai nuna a nan da fenti mai ƙyalli da farashi mai daɗin ji. Wajibi ne mai saye ya tambayi kansa dalilin wannan arha.

Lissafin ba shi da wuya. Babbar a-kori-kura mai silinda takwas takan sha lita 12 ko fiye a kowane kilomita 100. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wato fiye da lita 100 a zuwa kaɗai. Ko da farashin tamma 499 da gomnati ta tsaida wa litar esansi cikin watan Yuli na 2024, kuɗin ya haura jikka 50, ba a yi zancen komowa ba.

Da can, man Najeriya mai arha da ake saidawa cikin kwalabe a bakin hanya shi ke rufa wa manyan motoci asiri. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, wannan arha ta kau. Nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe cikin 2011, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai cikin watan Maris na 2025. Rufe iyakar Gaya da Malanbil cikin 2023 kuma ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru a kan mota da kayan gyaranta.

A nan ne bambanci yake. Hilux da Land Cruiser suna riƙe darajarsu a wannan ƙasa saboda kowane garaji ya san cikinsu, kayansu kuma suna nan a kasuwa. Baƙuwar Amurka kuwa, in wani abu ya lalace mata, tana iya yin watanni a kan duwatsu tana jiran saƙo daga ƙetare. Ranar saida ta, masu taya kaɗan ne, kuma sun san mai ita ya matsu.

Saniya tana haihuwa, fili yana ƙara kuɗi, hatsi a rumbu yana jiran bazara. Mota kuwa kullum raguwa take, babba ta fi ƙarama saurin cin aljihu. Wanda sana'arsa ta ɗaukar kaya ce, ya auna abin da za ta shigo da shi da abin da za ta sha. Wanda kuwa zai zuba kuɗin sallamarsa ko jarinsa don a gan shi a ƙofar masallacin Juma'a, ya tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.