Santa Kuroce: ginin da ya riƙe sunan da aka so shafewa

A birnin Filorans na ƙasar Italiya akwai wata majami'a mai suna Santa Kuroce, wato Gicciye Mai Tsarki. Mabiya ɗariƙar Faransuwa na Asiz, sufayen Kirista da suka ɗauki alkawarin zaman talauci, su ne ke jagorantar ibada a cikinta, zawiyarsu kuma tana manne da ita. An aza harsashinta wajen shekara ta 1294. Tsawonta ya kai metir 115, rufinta na katako ne, kamar yadda ya dace da masu gudun duniya.

Sai dai ginin masu talauci da kuɗin attajirai ya tashi. Manyan gidajen birnin sun riƙa karɓar ɗakunan ibada a cikinta, inda ake binne mamatansu ana yi musu addu'a. Gidan Bardi da na Peruzzi, masu banki, suka sa mai zane Jotto ya ƙawata nasu. Kafin 1350 bankunan biyu sun karye, zanen kuwa yana nan.

A 1429 Andreya na gidan Pazzi ya ɗauki nauyin gina wani ɗaki a farfajiyar zawiyar, domin taron sufaye da kuma ibadar zuriyarsa. Ana danganta fasalinsa ga magini Burunelleski, wanda ya rasu a 1446 aiki bai ƙare ba. Kubba ce a tsakiya, bango fari fat, an fitar da ginshiƙai da bakuna da dutse mai ruwan toka. Babu tarin ado. Daidaiton awo shi ne kyansa.

Ran 26 ga Afrilu 1478 ƴan gidan Pazzi suka ƙulla makirci suka far wa gidan Medici ana tsakar ibada a babbar majami'ar birnin. Juliyano ya mutu, wansa Lorenzo ya tsira. Aka rataye Jakopo, dattijon gidan; gawarsa da aka binne a Santa Kuroce aka tono ta aka jefa kogin Arno. Aka ƙwace dukiyarsu, aka yi doka a goge sunansu da tambarinsu. Duniya rawar ƴammata ce, na gaba ya koma baya.

Dokar ba ta ɗore ba. Ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966 ta cika zawiyar da laka, aka gyara. Har wa yau masu ziyarar kaburburan Mikelanjelo da Galile suna ratsa farfajiyar su shiga ɗakin, kuma da sunan Pazzi suke kiransa.