Makankari Ba Ya Cin Hanci

Ya ku 'yan'uwa talakawa, yau maganar ruwan sha muka kawo muku, da irin mai gadin da ya kamata a sa masa.

A birnin Warso na ƙasar Folan, mutane daga kogin Bistula suke sha. A gidan ruwansu akwai ma'aikata takwas da ba sa karɓar albashi. Makankari ne, dabbar nan ta ruwa mai ɓawo biyu. An liƙa wa kowannensu ɗan maganaɗisu a ɓawo, na'ura tana lura da buɗewarsa da rufewarsa, ruwan kogin kuma yana bi ta kansu dare da rana. In ruwa lafiyayye ne, sai su buɗe suna tace abincinsu. In guba ta shigo, sai su rufe gam. Da yawancinsu sun rufe lokaci guda, na'ura ta yi gargaɗi, a tsai da ruwan kafin ya kai famfon kowa. Bayan wata uku a sa musu alama, a mai da su inda aka kamo su, a kawo waɗansu.

Turawa sun sha wuya kafin su riƙi wannan dabara. Ran 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta kama sito na kamfanin Sandoz kusa da Basel a Suwizalan. Ruwan kashe gobara ya kwashi maganin ƙwari ya zuba a kogin Rayin. Kogi ya yi ja, kifi suka mutu tuli, garuruwa har Holan suka daina ɗibar ruwa. Bayan haka aka ƙara tashoshin tsaro a bakin kogin, inda kifi da makankari da ƙananan ƙwarin ruwa suke gadi.

To, jama'a, mu fa? Kowa ya san kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano, da ruwan dattinsu mai sinadarin kuromiyam da ke gangarawa kogin Chalawa. Na Bompai kuwa Jakara yake nufa, inda masu lambu suke ban ruwa. Latas ɗin da kabejin kasuwarmu suke zuwa, mu ne masu sayarwa, mu ne masu ci. Mai hali ya sayi ruwan gora. Talaka sai abin da kogi ya ba shi.

Za a ce mana ai ana ɗibar ruwa a kwalba a kai ɗakin gwaji. Madalla. Amma wanda ya saki guba da tsakar dare ba zai jira mai kwalba ba. Kafin gari ya waye ta wuce, an sha. Gaskiya ne makankari ba zai faɗi sunan gubar ba, wannan aikin masana ne. Nasa aikin ya yi ƙara a kan kari. Ba ya barci, ba ya tsoron mai kamfani, kuma ba a toshe masa baki da kuɗi.

Saboda haka muna kira ga gwamnati ta kafa irin wannan gadi a gidajen ruwa na Chalawa da Tamburawa, da makankarin kogunanmu, ɗaliban jami'o'inmu su kula da shi. Duk ran da ya rufe ɓawo, a yi shela a rediyo da kasuwanni, a bi sawun gubar har ƙofar mai ita, a kai shi kotu. Kada labarin ya kwana a aljihun tebur.

Ku ta da wannan magana a taron reshenku, ku tambayi wakilinku a majalisa ranar da za a fara. Rigakafi ya fi magani.