Kafin Ka Bari a Kankare Maka Haƙora Don Ado

Kwalliyar haƙori ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Mun taso muna ganin haƙorin Makka a bakin alhazai, muna kuma jin ana yabon mai wushirya. Yanzu kuma samari da 'yan mata, har a nan Zuru, suna ganin taurarin fim a waya da haƙora farare ƙal, suna tambayar yadda za su samu irinsu. Abin da suke gani galibi shi ne biniya, wato wani siririn falle da ake liƙawa a fuskar haƙoran gaba. Wani likitan haƙori na Amurka, Charles Pincus, shi ya fara yi wa 'yan fim irinsa a 1928.

Ra'ayinmu shi ne, in haƙoranka lafiya lau suke, kada ka saka.

Ga dalili. Kafin a liƙa biniya ta tangaran, yawanci sai likita ya kankare kusan rabin milimita daga farin ɓawon haƙori. Wannan ɓawo ba ya sake tsirowa kamar farce ko gashi. Da zarar an kankare, haƙorin zai buƙaci rufi har ƙarshen rayuwarka, kuma yana iya riƙa yi maka zogi in ka sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi.

Na biyu, ba ta dawwama. Ta tangaran takan kai shekara 10 zuwa 15, ta ƙullun roba kuwa kamar 5 zuwa 7. Budurwa 'yar shekara 25 da ta saka saboda bikin aurenta za ta sake biya sau biyu ko uku nan gaba. Kuɗin ma na kowane haƙori ɗaya ne, alhali akan rufe shida ko takwas. In kai mai shan rake ne, ko tauna ƙashi, ko buɗe kwalba da haƙori, ko kana cizon haƙora cikin barci, fallen zai iya tsagewa. Ranar da ya faɗi, ka tanadi kuɗin motar zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi?

Na uku, biniya ba magani ba ce. Rufe haƙori mai kogo, ko wanda dasashinsa ke jini, tamkar shafe katangar da gara ta ci ne.

Amma akwai waɗanda take yi wa rana: wanda haƙorinsa na gaba ya ɓalgace a haɗarin babur, ko wanda haƙoransa suka rine tun yarinta saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ko shan maganin tetirasaikilin. Irin wannan launi a cikin haƙorin yake, asuwaki ba ya fitar da shi. Shi kuwa jan goro ko dattin taba a sama yake zama, wankin haƙori a asibiti yakan kawar da mafi yawansa, da kuɗi kaɗan, ba tare da an kankare komai ba.

Don haka ka fara zuwa sashen haƙori a duba ka. Ka tambayi likita: nawa za a kankare? Akwai hanya mafi sauƙi? Wa zai gyara in ta lalace? Ka tabbata yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Ka guji masu liƙa haƙora ko yanka wushirya a shago ko a gida, komai arahar aikinsu.

Haƙorin da Allah ya ba ka, in ka kula da shi da buroshi da man goge baki safe da dare, ya fi kowane falle ƙarko. Allah ya ƙara mana lafiya.