Ta Cire Kaki Ta Dawo Gida, Wa Ya Tarbe Ta?

Jama'ar Bawku, Pusiga, Kulungugu, Garu, Zebilla da Paga. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, ku ba mu aron kunnuwanku kan wata magana da ba a cika yin ta a dandalin kamfe ba.

In aka ce "tsohon soja", kowa ya san wanda ake nufi: dattijo mai lambobin yabo a ƙirji, wanda ke zama gaban shago yana ba yara labarin Kwango ko Labanon. To ku gwada cewa "tsohuwar soja" a majalisar shayi. Wani zai yi dariya, wani ya ce ko matar soja kake nufi. Ko kalmar ma ba ta zauna a bakinmu ba tukuna, balle a yi zancen haƙƙin mai ita.

Alhali suna nan, kuma ba jiya suka fara ba. Tun zamanin Kwame Nkrumah, Melody Danquah ta tuƙa jirgin rundunar sojin sama ta Gana. Constance Edjeani-Afenu ita ce mace ta farko da ta kai muƙamin Birgediya Janar a ƙasar nan, ta zama mataimakiyar kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Yammacin Sahara a 2019, ta rasu a 2022. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama Kyaftin Cecilia Erzuah kan aikin da ta yi a Abyei, tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu. A Disambar shekarar ne kuma ministocin ƙasashen duniya suka hallara a Ankara don taron ayyukan kiyaye zaman lafiya, aka yi ta yabon matan sojan Gana. Waɗannan su ne masu suna. Bayansu akwai nas-nas, direbobi, akawu, masu gyaran mota da masu riƙe bindiga a shingen bincike, waɗanda ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Ni mai rubuta wannan takarda, a gidanmu akwai irinsu. Yayata ce, 'yar gwaggona. Ta shiga soja tana budurwa, ta je Labanon, ta gina wa mahaifiyarta ɗaki biyu da kuɗin da ta samo, ta biya wa ƙannenta kuɗin makaranta, har da ni. Ranar da ta dawo da akwatinta gaba ɗaya an dafa shinkafa da wake, maƙwabta sun zo barka. Bayan wata biyu aka fara ƙus-ƙus. Wai ta saba ba maza umarni, wa zai iya zama da ita? Wai macen da ta kwana a bariki ba a san irin rayuwar da ta yi ba. Da ta nemi rumfa a kasuwa, sai aka tambaye ta ina mijinta ko wanta da zai tsaya mata. Matar da aka damƙa wa motar gwamnati da rayukan mutane a ƙasar waje, yau ita ake nema wa mai tsaya mata kan rumfar albasa. Na ce mata, "Yaya, ba ki ji haushi ba?" Ta ce haushi ba ya biyan kuɗin mota.

Zancen kuɗin motar kuwa gaskiya ne. Daga Bawku zuwa Ankara ya fi kilomita 800. Babban asibitin sojoji, wato Asibitin 37, yana Ankara. Manyan ofisoshin da ke riƙe da fayil da takardun fansho ma can suke. Namiji kan ɗauki jaka ya shiga motar dare, ya kwana wurin aboki a Nima ko Mamobi. Mace mai goyo, ko mai jinyar uwa, ko wadda miji ya rasu ya bar mata yara huɗu, wa za ta bar wa gida na kwana uku? Ga dokar hana fita da muka sha fama da ita a Bawku, wadda kan sa ko tashar mota sai an yi dabara kafin a kai. Asibitin sojoji na Afari kusa da Kumasi, wanda zai rage wa mutanen arewa tafiya, tun 2014 aka fara shi, aka yi shekara da shekaru ana sa ranar buɗewa ana ɗagawa. Ba za mu ɓoye muku ba, duk jam'iyyar da ta riƙe mulki a tsakanin nan tana da nata kason laifi. Amma wanda ludayi ke hannunsa yanzu, shi ake tambaya ina miya.

Kada wani ya ce muku babu doka. Akwai. A 2012 majalisa ta yi doka mai lamba 844, wadda ta kafa Hukumar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Gana, wadda kuka fi sani da VAG. Su ne masu sayar da jan fure a watan Nuwamba. Dokar ba ta ce maza kaɗai ba. Sai dai tsarin kula da tsofaffin sojoji ya samo asali ne tun lokacin da soja yake nufin namiji, mai mata a gida da za ta yi masa jinya, ta kula da yara, ta riƙe tukunya in fansho ya makara. Ita tsohuwar soja wa ke yi mata wannan? Ita ce mai fanshon, ita ce mai jinyar, ita ce mai tukunyar.

Shi ya sa muke cewa a fara da ƙidaya. Gwamnati ta fito ta faɗa wa jama'a mata nawa ne suka bar aikin soja, nawa ne ke zaune a yankin Upper East, nawa ne suka taɓa samun wani tallafi. Abin da ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafin kuɗi. Sannan a sa jami'a mace a matakin yanki, a Bolgatanga, wadda za ta riƙa zagayawa gundumomi a kan kari. Dalilin cewa mace, kowa ya san shi ko da ba a faɗa. Akwai ciwon da mace ba za ta faɗa wa tsohon sajan a bainar jama'a ba: lalurar haihuwa, rashin barci bayan abin da ido ya gani a fagen fama, ko cin zarafin da wata ta haɗiye don kada a ce ta ɓata sunan rundunarta. A zango mun iya cewa "aljanu ne" ko "ta cika zafin rai". Wani lokaci likita take buƙata, kusa da gida.

Batun sana'a shi ya fi ci mana rai. Wadda ta shiga soja tana da shekara 20, in ta yi shekara 25 a kaki, za ta fito tana da 45, da ƙarfinta da iliminta. Ta iya tuƙi, ta iya lissafin kaya a sito, ta iya taimakon gaggawa, wata ta iya gyaran inji. A nan kan iyaka, inda tirelolin albasa daga Nijar da motocin tumatir daga Burkina Faso ke ratsawa, ana neman masu irin wannan ilimi. Amma takardar bariki ba kowane mai ɗaukar ma'aikata ne yake gane ta ba. Me zai hana tun kafin a sallame ta a mayar mata da horon da ta samu zuwa takardar shaidar da farar hula suka sani? Ga MASLOC, da aka kafa don ba da ƙananan rance. A ware wa waɗannan mata kaso a rubuce, katin sallamarta ya zame mata mai tsaya mata, ba katin jam'iyya ba, ko ta wane ne. Kuma tunda a 2024 an yi dokar ƙara wakilcin mata a hukumomin gwamnati, a fara nuna ta a teburin da ake yanke shawara kan tsofaffin sojoji.

Mu mutanen zango ba baƙi ba ne a wannan zance. Rundunar da ta zama sojan Gana, da sunan Hausawa aka fara kiran ta zamanin Turawa, kuma da Hausa ake magana a bariki. Kakanninmu da yawa sun je Bama a yaƙin duniya na biyu. Da suka dawo aka ƙi cika musu alkawari, sai tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna da ke Osu ranar 28 ga Fabrairu, 1948, aka harbe Sajan Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Shekara tara bayan haka Gana ta samu 'yanci. Duk shekara manyan ƙasa kan je su ajiye furanni a wurin, su koma ofis.

Iyaye, duk lokacin ɗaukar sababbin sojoji kuna ganin 'yan matanmu a layi da takardunsu, domin aiki ya yi wuya. Kafin ku sa wa 'yarku albarka ta tafi, kuna da ikon sanin abin da za ta tarar ranar dawowa. Masu neman ƙuri'arku za su zo ƙofar masallaci, su zo kasuwa, su zo wurin suna da biki, namu da na gwamnati duka. Ku tambaye su mata nawa ne tsofaffin sojoji a mazaɓar nan, a ina za su ga likita ba tare da sun kwana a mota ba, kuma a wace shekara ta kasafi za a sa kuɗin. In akwai tsohuwar soja a gidanku ko unguwarku, ku zo da ita, ku ba ta kujerar gaba, ita ta yi tambayar da bakinta.