Gani Ya Kori Ji: Ƙorafi Kan Kimiyyar Baƙin Allo

Abin takaici ne ƙwarai yadda ake koyar da ilimin halittu a yawancin makarantunmu na sakandare. Malami zai shiga aji ya zana ganye a baƙin allo, ya jera masa sunaye da Latin, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. A haka yaro zai share shekara shida bai taɓa tsinko ganye ya dubi jijiyoyinsa ba, alhali kuwa ga darbejiya nan tana yi masa inuwa a ƙofar aji.

Da ka yi magana sai a ce ai babu kuɗi, babu ɗakin gwaje-gwaje. Wannan hanzari ba ya karɓuwa. Nawa ake biya kafin a kai yara gindin gawo? Ga itace mai abin al'ajabi: da damina, lokacin da kowace bishiya ke yin kore, shi sai ya kaɗe ganyensa, rana ta samu shukar da ke ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi lif, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Saiwoyinsa na ɗauke da wasu ƙwayoyin halitta masu tara sinadarin naitirojin, shi ya sa geron gindinsa ya fi na nesa kyau. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san haka. Tun daga shekarun 1980 suke renon tohon itatuwa a gonakinsu, har suka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5. Ashe manomin da bai taɓa shiga aji ba ya fi ɗan aji shida sanin darasin!

Abin kunyar ma bai tsaya nan ba. A 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma daga bakin kakanninmu ya tattaro su. Yau jikokinsu da yawa ba su iya bambance marke da ƙirya.

To, wanda bai san abu ba, yaya zai gane ya ɓata? Dubi ungulu, wadda a da ba a raba ta da mayanka. A 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Dubi fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 tafiyar ruwa ta canza, kachalla ta toshe magudanai, masunta da manoma suka ji a jikinsu. Ɗalibai nawa ne a Jigawa da Yobe aka kai su suka ga wannan da idonsu?

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilimi da shugabannin makarantu: a ware darasi ɗaya kowane mako a yi shi a waje. Kowane yaro ya riƙe littafin da zai riƙa rubuta tsirrai da tsuntsaye da ƙwarin unguwarsu, da sunayensu na Hausa da na kimiyya. A gayyato tsohon manomi da maharbi da mai maganin gargajiya su yi bayani, a kuma ba wannan aiki maki a jarrabawa. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka bari yaran nan suka girma ba su san dajinsu ba, su ne za su sare shi gobe, kuma laifin namu ne.