Filin Kwamfuta a Gida: Rubutun da Aka Zaɓa Yana Bakin Rijiya



Kwanan baya wani ƙanenmu ya zo mana ido jawur. Ya kwashe mako uku yana buga rahoton kammala karatunsa, sai ya wayi gari da shafi fari fat, babu komai sai harafi guda. Da muka bi diddigi, muka tarar ya danna Ctrl da A, rubutun duka ya lulluɓe da launi, sannan yatsansa ya taɓa wani harafi. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. Ƙa'idarta ke nan: abin da aka zaɓa, duk abin da aka buga a kansa shi ne zai maye gurbinsa.

Kowane zaɓi yana da turke da kai. Turken shi ne inda ɗan sandan nan mai ƙyaftawa yake a lokacin da muka riƙe madannin Maj, wanda allon Ingilishi ke kira Shift. Kan kuwa shi ne ke tafiya. Maj da kibiya na ɗaukar harafi ɗaya ɗaya. In muka haɗa da Ctrl, sai ya riƙa ɗaukar kalma kalma. Maj da Fin na kaiwa ƙarshen layi, Ctrl da Maj da Fin kuma har ƙarshen takarda. In mun zarce, ba sai mun sake daga farko ba: mu ci gaba da riƙe Maj mu danna kibiyar baya, zaɓin zai ragu zuwa wajen turke. In kuma mun fasa, mu saki Maj mu danna kibiya ita kaɗai. Launin zai gushe, rubutu na nan lafiya.

Maganin abin da ya sami ƙanen namu shi ne Ctrl da Z, wanda ke mayar da aiki baya. To, a nan ne tarkon yake. Ya koyi bugu a Kano, a kan allon QWERTY, amma kwamfutar gida tana da allon Faransanci, AZERTY, inda Z da W suka yi musayar wuri, haka ma A da Q. Sabo turken wawa: hannunsa ya tafi inda ya saba, ya danna Ctrl da W, wanda a Word ke rufe takarda. Da aka tambaye shi ko a adana, cikin ruɗewa ya amsa. Da rufewar, hanyar komawa baya ta toshe. Wani tsohon kwafi da ke cikin kile ne ya rage masa asara.

Saboda haka shawararmu uku ce. Mun ga launi a kan rubutu, mu ɗage hannu. Abu ya ɓace, mu dubi harafin da ke jikin madanni kafin mu danna. Kada kuma mu adana shafin da muka ga ya koma fari.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.