Kujerar Ratan Da Haƙƙin Mai Sara

A garin Cirebon da ke tsibirin Java na ƙasar Indunusiya, dubban iyalai ne suke ci suna sha da saƙar kujeru, tebura da kwanduna na ratan. Shi ratan ɗin wani tsiro ne ɗan dangin dabino, mai ƙaya, wanda yake yaɗo a jikin manyan itatuwan kurmi. Amma ba a Java ake saro yawancinsa ba. Daga dazuzzukan Kalimantan da Sulawesi ake kawo shi, inda talakawa suke shiga kurmi su jawo shi, su kankare ƙayar, su ɗauko a ka.

A shekarar 1986 Gwamnatin ƙasar ta hana fitar da ɗanyen ratan zuwa ƙasashen waje, domin masaƙan gida su samu kayan aiki da araha. Sana'ar Cirebon kuwa ta bunƙasa. Da aka sassauta dokar a 2005, sai ɗanyen kaya ya kwarara zuwa Sin da Biyetnam, masana'antu da dama suka rufe, aka sallami ma'aikata. Tilas aka maido da hanin a farkon 2012.

To, amma wannan jarida tana ganin akwai wanda aka mance da shi cikin lissafin, watau mai sara. Da aka rufe masa ƙofar waje, masu sayen kayansa suka ragu, farashi ya faɗi. Wanda ya ga ƙayar da yake sha ba ta biyan bukata, ai ba zai ci gaba da tsaron kurmi ba. Da yawa sun sare gonakinsu na ratan sun shuka kwakwar manja. Ga kuma ratan ɗin roba da ya shigo kasuwa yana kwaikwayon na gaske.

Wannan batu ya shafi Nijeriya. Ratan yana fitowa a kurmin kudu, musamman Jihar Kuros Riba, kuma masaƙan unguwar Maryland a Legas da shi suke aiki. Saransa ake yi daga daji, ba shukawa. Ya kamata ma'aikatun gandun daji su kafa gonakin gwaji tun kurmin bai ƙare ba, su taimaki masu sara su haɗa kansu cikin ƙungiyoyin gama kai don su daina sayarwa dillalai a wulaƙance. Ofisoshin Gwamnati da makarantu kuma, in sun tashi sayen kujerun ɗakin baƙi, su fara tambayar masaƙan gida.